Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina

Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na lokacin damina shiri ne na kiwon lafiya wanda a cikinsa ake bai wa ƙananan yara maganin zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata har damina ta wuce, ko da lafiyarsu ƙalau, domin maganin ya kasance a jikinsu a watannin da cutar ta fi yaɗuwa. A ƙasashen da ke aiki da Turanci ana taƙaita sunansa da SMC, a masu aiki da Faransanci kuma CPS. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a watan Maris na 2012 domin ƙasashen yankin Sahel. A wannan shekarar yara kimanin dubu 200 ne suka sha maganin. A 2023 adadin ya kai kimanin miliyan 53 a ƙasashe 18, kuma fiye da rabinsu a Najeriya suke.

Masana kiwon lafiyar al'umma kan kawo shirin a matsayin misali na yadda sakamakon bincike ke zama manufar gwamnati, daga nan ya zama aikin da ke isa gidajen mutane. Tarihinsa ya kuma nuna tsawon lokacin da hakan ke ɗauka, domin tun shekarun 1980 aka samu hujjar farko cewa bai wa yara magani kafin su kamu yana rage mace-mace.

Dalilin shirin

A yankin Sahel, daga Senegal zuwa Chadi, ruwan sama yana sauka ne cikin watanni uku zuwa huɗu. Sauro yana hayayyafa a kududdufai da ruwan da ya kwanta, saboda haka yawancin masu kamuwa da zazzaɓin suna kamuwa ne tsakanin Yuli da Oktoba. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su suka fi shiga haɗari, domin jikinsu bai saba da ƙwayar cutar ba, kuma zazzaɓin kan kai su ga ƙarancin jini, jijjiga, ko mutuwa cikin 'yan kwanaki. Lokacin ya kuma zo daidai da watannin da rumbuna suka yi ƙasa kafin kaka, lokacin da tamowa ke ƙaruwa a tsakanin yara.

Wannan taruwar cutar a ɗan gajeren lokaci ita ce ta sa shirin ya yiwu. Kare yaro na wata huɗu kawai yana kawar da mafi yawan zazzaɓin da zai yi a shekara, abin da ba zai samu ba a wuraren da cutar ke yaɗuwa rani da damina.

Maganin da yadda ake bayar da shi

Magani biyu ake haɗawa: sulfadoksin-firimetamin, wanda aka fi sani a kasuwa da sunan Fansidar, da kuma amodiyakwin. Ana taƙaita sunan haɗin da SPAQ. Kowane zagaye kwana uku ne. A rana ta farko mai raba magani yana bai wa yaro ƙwayar sulfadoksin-firimetamin ɗaya da ƙwayar amodiyakwin ɗaya a gabansa. Sauran ƙwayoyin amodiyakwin biyu ana bar wa uwa ko mai kula da yaron ta ba shi a rana ta biyu da ta uku. Kariyar tana kai kimanin mako huɗu, shi ya sa ake maimaita zagayen bayan kwana 28.

A ƙa'idar 2012, yaran da ake bai wa su ne 'yan wata 3 zuwa wata 59, kuma zagayen bai wuce huɗu a shekara. Akwai ƙunshi iri biyu: na jarirai 'yan wata 3 zuwa 11, da na 'yan wata 12 zuwa 59 wanda ƙarfinsa ya ninka na farko. Ba a bai wa yaron da ke cikin ciwo mai tsanani, ko wanda maganin ya taɓa yi wa illa, ko wanda ya sha ɗaya daga cikin magungunan biyu a cikin watan da ya gabata, ko wanda ke shan kotirimokzazol. Yaron da aka tarar da zazzaɓi ana tura shi a yi masa gwajin jini, in an ga cutar a ba shi maganin warkarwa. Illar da aka fi gani ita ce amai, ciwon ciki da ƙuraje, kuma illa mai tsanani ba ta cika faruwa ba.

Binciken da ya haifar da shirin

A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar binciken likitanci ta Birtaniya da ke Gambiya sun gwada bai wa yaran ƙauyukan yankin Farafenni maganin rigakafi duk bayan mako biyu ta hannun ma'aikatan lafiya na ƙauye. Shugaban cibiyar a lokacin shi ne Brian Greenwood, wanda kafin nan ya shafe kimanin shekara goma yana aiki a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Zazzaɓi da mace-macen yara sun ragu sosai, amma ba a mayar da sakamakon manufa ba. An ji tsoron ƙwayar cutar za ta daina jin magani, musamman da yake a lokacin kulorokwin ya fara gazawa a Afirka. An kuma ji tsoron yaran ba za su samu garkuwar jiki ba, sannan ba a ga yadda za a ɗore da rabon magani kowane mako biyu ba.

Batun ya dawo ta wata hanya. A 2001 an wallafa wani gwaji daga Ifakara ta ƙasar Tanzaniya, inda aka bai wa jarirai cikakken magani a ranakun allurar rigakafinsu, zazzaɓi ya ragu da kashi 59 cikin 100. Masu bincike a Afirka ta Yamma sun lura cewa a Sahel ba jarirai kaɗai cutar ke kamawa ba, kuma lokacinta sananne ne, don haka suka karkatar da dabarar zuwa watannin damina da kuma yara har zuwa shekara biyar.

A 2006 mujallar Lancet ta wallafa gwajin da Badara Cissé da abokan aikinsa suka yi a Niakhar ta ƙasar Senegal a kan yara fiye da dubu ɗaya. An raba yaran gida biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu suka sha magani sau uku a damina, wasu suka sha ƙwayar da babu magani a cikinta. Zazzaɓi ya ragu da kashi 86 cikin 100 a tsakanin waɗanda suka sha maganin. Gwajin da ya biyo baya a Senegal ya kwatanta haɗe-haɗen magunguna daban-daban, ya nuna cewa haɗin sulfadoksin-firimetamin da amodiyakwin ya fi dacewa.

Sauran tambayoyin da masu tsara manufa suka riƙa yi su ma an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce ko maganin yana da amfani ga yaron da ke kwana a cikin gidan sauro mai magani. A 2011 an wallafa gwaji biyu da aka yi a kan wannan: na Alassane Dicko a Mali ya samu raguwar kashi 82 cikin 100, na Amadou Konaté a Burkina Faso kuma kashi 70. Ta biyu ita ce ko zazzaɓin zai dawo wa yaran da ƙarfi bayan an daina ba su magani. Da aka bi su a damina ta gaba, ƙarin da aka gani kaɗan ne, bai kai ya shafe ribar da aka samu ba. Ta uku ita ce wa zai raba maganin. Wani gwaji a Gambiya ya nuna cewa ma'aikatan lafiya na ƙauye sun fi tawagar asibiti mai zagayawa isa ga yara, kuma kuɗin da aka kashe ya fi sauƙi.

Daga bincike zuwa manufa

A 2011 kwamitin ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya ya duba dukan gwaje-gwajen a wuri ɗaya. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta yi na haɗa sakamakonsu ya nuna cewa dabarar tana hana kimanin kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da yara ke yi a damina, har da mai tsanani. A farkon 2012 sabon kwamitin ba da shawara kan manufofin zazzaɓin cizon sauro ya amince da ita a zamansa na farko, hukumar kuma ta fitar da shawarar a watan Maris. A wannan lokaci ne aka sauya wa dabarar suna zuwa wanda ake amfani da shi yanzu, domin a nuna cewa rigakafi ce ta wani lokaci na shekara.

Shawarar ta zo da sharuɗɗa. Za a yi shirin ne a inda fiye da kashi 60 cikin 100 na zazzaɓin shekara ke faruwa cikin wata huɗu, inda cutar ke da yawa a tsakanin yara, kuma inda magungunan biyu ke aiki da kyau. Sharaɗi na ƙarshe ya fitar da gabashi da kudancin Afirka, domin a can ƙwayar cutar ta riga ta bijire wa sulfadoksin-firimetamin. An kuma shawarci ƙasashe su riƙa warkar da masu zazzaɓi da wani haɗin magani daban da wanda ake rigakafi da shi. A 2013 hukumar ta fitar da littafin jagora na masu aiki a fili.

Daga manufa zuwa aiki

Amincewar hukumar ba ta kai maganin bakin yara nan take ba. A daminar 2012 ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara aikin a Koutiala ta Mali da Moïssala ta Chadi. Shekara biyu da suka biyo baya aikin ya tsaya a wasu gundumomi kaɗan, saboda ƙarancin kuɗi da kuma ƙarancin maganin kansa. A lokacin kamfanin Guilin na ƙasar Sin shi kaɗai ne ke yin haɗin da hukumar ta tantance ingancinsa, kuma masu saye ba su da tabbacin kuɗi da zai sa kamfani ya faɗaɗa aikinsa.

Babban sauyi ya zo da shirin ACCESS-SMC, wanda hukumar Unitaid ta ɗauki nauyinsa, ƙungiyoyin Malaria Consortium da Catholic Relief Services suka jagoranta tare da ma'aikatun lafiya na ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Chadi, Gambiya, Gini, Mali, Nijar da Najeriya. A 2015 shirin ya nufi yara kimanin miliyan 3.6, a 2016 kuma kimanin miliyan 7.5. A 2016 ne aka fara raba ƙwaya mai zaƙi da ke narkewa a ruwa. Kafin nan sai an daka ƙwayar amodiyakwin mai ɗaci an haɗa ta da sukari, abin da ke cin lokaci kuma yake sa yara tofarwa.

An haɗa aikin da bincike tun daga farko. Rahoton da Lancet ta wallafa a ƙarshen 2020 ya nuna cewa kowane zagaye yana rage haɗarin zazzaɓi da kimanin kashi 88 cikin 100 a kwana 28 na farko. Mutuwar yara a asibiti sanadiyyar zazzaɓin a lokacin damina ta ragu da kimanin kashi 42 cikin 100 a Burkina Faso da kashi 57 a Gambiya. Kuɗin kare yaro ɗaya na shekara guda ya tsaya a kan dala 3.63. Waɗannan alƙaluma sun taimaka wajen jawo manyan masu ba da tallafi, irin su Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau, tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, shirin shugaban Amurka na yaƙi da zazzaɓin, Bankin Duniya, da masu ba da gudummawa ta hanyar ƙungiyar GiveWell.

Najeriya da Nijar

Najeriya ce ke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, kuma ita da Nijar suna cikin ƙasashe huɗu da ke ɗauke da fiye da rabin mace-macen cutar. A Najeriya an fara gwada shirin a jihar Katsina a 2013, aka shigar da shi cikin tsarin ƙasa na yaƙi da cutar na 2014 zuwa 2020. A ƙarƙashin ACCESS-SMC an yi aikin a jihohin Sakkwato da Zamfara. A 2017 an yi amfani da dabarar a jihar Borno a matsayin matakin gaggawa, lokacin da rikici ya rusa asibitoci da dama. Daga baya shirin ya bazu zuwa kusan dukan jihohin arewa da babban birnin tarayya Abuja.

A Nijar an fara a 2013 a gundumomin Madarumfa, Gidan Rumji, Madawa, Buza da Magariya, da haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya da MSF. A can an saba haɗa rabon maganin da auna damtsen yara domin gano masu tamowa a tura su asibiti.

A ƙasashen biyu gida-gida ake bi. Masu rabon 'yan unguwar ne da aka horar na 'yan kwanaki, suna tafiya bibbiyu, kuma ana son a samu mace a cikinsu domin ita ce ke iya shiga cikin gida ta yi magana da matan aure. Suna cika katin yaro, su yi alama a bangon gidan da suka gama. Kafin kowane zagaye hakimai, dagatai, masu unguwanni, limamai, masu shela da gidajen rediyo suna sanar da jama'a. Wannan ya samo asali ne daga darasin da aka koya a yaƙi da shan inna, musamman bayan dakatar da allurar a Kano daga 2003 zuwa 2004, lokacin da ta bayyana cewa hujjar likitoci ba ta wadatarwa idan shugabannin al'umma ba su gamsu ba. Shirin ya samu karɓuwa da wuri, domin zazzaɓin cuta ce da kowace uwa ta sani, kuma tana ganin bambanci a cikin damina ɗaya.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ƙwayoyin rana ta biyu da ta uku, waɗanda babu ma'aikacin da ke ganin an sha su. Wasu iyaye kan manta, wasu su ajiye domin ranar da yaro ya yi zazzaɓi, wasu su raba wa yayyensa da suka wuce shekara biyar. A wasu wurare an ɗauki mata masu faɗa a ji a unguwa suna komawa gidaje domin tunatarwa.

Ta biyu ita ce isa ga yara a kan lokaci. Zagayen yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da hanyoyi ke yankewa kuma iyaye suna gona. Rashin tsaro a arewa maso yammacin Najeriya, yankin tafkin Chadi, Mali da Burkina Faso ya hana masu rabo shiga wasu garuruwa. Jinkirin isowar magani ko na biyan alawus yakan sa a fara a makare. Haka kuma ƙididdigar yaran da ake dogara da ita sau da yawa ba daidai take ba, shi ya sa alƙaluman ofis kan nuna an kai ga kowa alhali binciken gida-gida ya nuna ƙasa da haka.

Ta uku ita ce bijirewar ƙwayar cutar. Bai wa yara miliyoyi magani iri ɗaya kowace shekara na iya sa irin ƙwayar da ba ta jin maganin ya yawaita, don haka ana ɗibar jinin yara lokaci-lokaci ana duba alamun hakan.

Ta huɗu ita ce kuɗi. Mafi yawan kuɗin shirin daga waje yake zuwa. Dakatar da tallafin Amurka ga ƙasashen waje a farkon 2025 ya nuna yadda shirin da ya dogara da masu ba da agaji ke iya girgiza cikin ɗan lokaci.

Sauye-sauye bayan 2012

Bincike bai tsaya da fitar da manufar ba. Wani babban gwaji a Senegal ya nuna cewa shirin yana da amfani ga yara har zuwa shekara goma, ƙasar kuma ta ɗauki wannan tsari. An gwada ƙara zagaye na biyar a wuraren da damina ta fi tsawo. An kuma gwada shirin a Nampula ta Mozambik da Karamoja ta Uganda, aka ga yana rage zazzaɓi duk da bijirewar da ake da ita a can. Saboda waɗannan sakamako, a watan Yuni na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta ƙa'idar: ta cire iyakar yanki, ta bar wa kowace ƙasa ta tsayar da yawan zagaye da shekarun yaran gwargwadon yanayinta.

Akwai kuma abin da bincike ya hana a ƙara. Gwajin da aka wallafa a 2019 daga Mali da Burkina Faso ya nuna cewa haɗa maganin azitiromaisin da SPAQ bai rage mutuwa ko kwanciya asibiti ba, don haka ba a shigar da shi ba. A 2021 kuma wani gwaji a ƙasashen biyu, a kan yara kimanin dubu shida, ya nuna cewa yi wa yaro allurar rigakafin RTS,S kafin damina tare da ba shi SPAQ yana rage zazzaɓi da kimanin kashi 63 cikin 100 fiye da SPAQ kaɗai.

Matsayinsa a fagen amfani da sakamakon bincike

Giɓin da ke tsakanin abin da bincike ya tabbatar da abin da ake yi a asibiti da ƙauye ya daɗe yana damun masu tsara manufofin lafiya. Shi ne babban batun taron ministocin lafiya da aka yi a birnin Meziko a 2004 da wanda aka yi a Bamako a 2008, kuma saboda shi Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa cibiyar EVIPNet a 2005 domin haɗa masu bincike da jami'an gwamnati.

Idan aka kwatanta da wasu dabaru, rigakafin damina ya yi sauri bayan amincewa da shi. An tabbatar da amfanin gidan sauro mai magani a Gambiya tun 1991, amma sai a 2007 hukumar ta ba da shawarar a raba shi ga kowa kyauta ko a farashi mai rahusa. Rigakafin jarirai irin na Ifakara ya samu amincewa a 2010, amma shekaru da dama ƙasar Saliyo ce kaɗai ta aiwatar da shi a faɗin ƙasa.

Abubuwan da suka taimaki rigakafin damina sun haɗa da cewa an yi gwaje-gwajen a ƙasashen da za su yi amfani da shi, kuma masana 'yan ƙasa da ke da alaƙa da ma'aikatun lafiyarsu ne suka jagorance su. Binciken ya amsa tambayoyin masu aiwatarwa, wato farashi, mai rabawa da lafiyar maganin, bai tsaya a kan ko yana aiki ba. Maganin yana da araha, ba ya buƙatar firji ko allura, kuma mutumin da aka horar na 'yan kwanaki zai iya bayar da shi. An kuma samu mai ba da kuɗin da ya ɗauki nauyin faɗaɗawa da gyara kasuwar maganin a lokaci ɗaya. Abin da ya rage a gaban ƙasashen shi ne shigar da kuɗin shirin cikin kasafinsu, samar da maganin a masana'antun Afirka, da ci gaba da sa ido a kan ko ƙwayar cutar tana jin maganin.